Shuɗiyar Takarda a Tagar Mashaya

 

Ya 'yan'uwana matasa, yau zan ba ku labarin wani darasi da na ɗauka a wurin da ban taɓa zaton zan koyi komai ba, wato zauren majalisar ƙaramar hukuma a wani gari na arewacin Ingila inda nake zaune da iyalina.

A shekarar 2019, wata asuba ina dawowa daga masallaci, sai idona ya faɗa kan wata shuɗiyar takarda manne a tagar mashayar giya da ke kusurwar layinmu. Mai mashayar yana neman a tsawaita masa lokacin sayarwa daga ƙarfe 11 zuwa ƙarfe 2 na dare a ranakun Juma'a da Asabar, tare da izinin kiɗa. Gabana ya faɗi, domin tagar ɗakin 'ya'yana tana fuskantar farfajiyar wurin.

Ga yadda tsarin yake. Dokar lasisi ta shekarar 2003, wadda ta fara aiki a watan Nuwamba na 2005, ta ɗauke ikon ba da lasisin giya daga hannun alƙalan majistare ta miƙa shi ga ƙananan hukumomi. Duk mai neman sabon lasisi ko babban canji dole ya manna irin wannan takarda kwana 28 a jere, kuma cikin kwanakin nan kowa yana iya rubuta ƙorafi. In ba wanda ya rubuta, hukuma za ta ba shi abin da ya nema. In an rubuta ƙorafin da ya dace, sai kwamitin kansiloli uku ya zauna ya saurari kowane ɓangare.

A daren nan na zauna na cika shafi uku. Na kawo ayar Suratul Ma'ida da ta haramta giya, na yi bayanin yadda take rusa gidaje, na sa hannu ina jin na sauke nauyi. Kashegari na nuna wa wani dattijo da muke sallah tare, mai shagon gasasshiyar kaza. Ya karanta, ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, duk abin da ka rubuta gaskiya ne, amma ba za su duba ba." Shi ya san dokar ne saboda shagonsa ma a ƙarƙashinta yake: sayar da abinci mai zafi tsakanin ƙarfe 11 na dare da 5 na asuba sai da lasisi, ko da babu ɗigon giya a wurin. Ya lissafa mini dalilai huɗu da kwamiti yake aiki da su: hana laifi da tarzoma, kare lafiyar jama'a daga haɗari, hana damun maƙwabta, da kare yara daga cutarwa. Abin da bai shiga cikin huɗun nan ba, ajiye shi ake yi gefe.

Na ji zafi, ba zan ɓoye muku ba. Amma jarrabawa mafi nauyi tana gaba. Wani ɗan'uwa mai kishi ya ja ni gefe ya ce, "Tunda laifi suke son ji, rubuta cewa ka ga an yi faɗa da wuƙa, ka ga ana sayar wa yara. Ai don a hana ɓarna ne." Wallahi zuciyata ta karkata. Kwana biyu ina juya maganar. Sai na tuna cewa shaidar zur tana cikin manyan zunubai, kuma ba a ce ta halatta don wanda za a yi wa mai sayar da giya ne ba. Allah ya umarce mu da adalci har ga wanda muke ƙin aikinsa. Ta yaya zan yaƙi haram ɗaya da wata haram?

Saboda haka na sayi ɗan littafi. Mako uku ina rubuta abin da idona ya gani da abin da kunnena ya ji: ƙarfe nawa aka yi ihu, ƙarfe nawa aka zuba kwalabe a kwandon shara har jaririyarmu ta farka, wace safiya na share fasassun gilasai a hanyar da yara suke bi zuwa makaranta. Ban ƙara ko kalma ba. Na aika da sunana da adireshina, ina sane da cewa mai mashayar zai gani.

Ranar zama, ashe ba ni kaɗai ba ne. Wata tsohuwa Baturiya Kirista da ke gidan da ke kallon namu ita ma ta rubuta, kuma ranakun da ta lissafa sun yi daidai da nawa. Lauyan mai mashayar ya yi ta tambaya, bai sami inda zai kama ni ba. Da na saka labarin wuƙa, tambayar farko za ta kasance ko na kai rahoto ga 'yan sanda, kuma da maganata ta zube tare da ta tsohuwar nan, da mutuncin masallacinmu.

Ba a rufe mashayar ba. An ba shi zuwa ƙarfe 12 maimakon 2, aka gindaya masa sharuɗɗa: a rufe farfajiya ƙarfe 11, a daina zubar da kwalabe da dare, a sa kyamarori da masu tsaron ƙofa. Aka kuma sanar da mu cewa in ya saɓa, muna da damar neman a sake duba lasisin.

Har yau zuciyata tana ƙin abin da ake sha a wurin. Amma 'ya'yana suna barci, kuma mai mashayar yana gaishe ni da girmamawa idan mun haɗu. Ya ɗan'uwa, idan ka ga shuɗiyar takarda a unguwarku, tsaya ka karanta, ka duba ranar da wa'adi zai cika, sannan ka rubuta abin da ka gani kawai.

Allah ya tsare harsunanmu da alƙalumanmu daga ƙarya.