Hutun Hunturu Daga Jadid: Tsakanin Gabraun da Ƙairawan

 

Wanda bai taɓa kwana a Sabha cikin watan Janairu ba, da wuya ya gaskata cewa ɗarin hamada ya fi na Damagaram cizo. Da rana gari lumi-lumi, amma da an sallame isha'i sai sanyi ya sauko kamar an buɗe masa ƙofa. A irin wannan dare ne, muna kewaye da kaskon wuta a gidan da muke haya a unguwar Jadid, Inna ta miƙe ƙafafunta ta ce: "Kai, ashe ƙasar nan babu wani ruwan ɗumi irin na Tafadek?" Tana nufin marmaron nan mai zafi da ke arewa da Agadas, inda masu ciwon gaɓɓai suke zuwa wanka. Daga wannan tambaya aka soma shawarar inda za mu kai iyali cikin hutun lekwal na tsakiyar shekara.

Jadid, duk da ma'anar sunanta ita ce "sabuwa", tana cikin tsoffin ƙauyukan dabino da suka haɗu suka zama birnin Sabha, tare da Gurda da Hajara. Daga bayan gari ana hango ganuwar da Italiyawa suka gina bisa tudu, wadda hotonta yake jikin tsohuwar takardar dinari goma. A 1943 sojojin Janar Leclerc suka taso daga Cadi suka karɓe ta, Fazzan ta zauna hannun Faransa har Libiya ta sami ƴanci a Disamban 1951. Bahaushe kuwa ba baƙo ba ne a nan. Tun zamanin da Murzuk take babban birnin Fazzan, ayari yake sauka da fatu da turkuɗin Kano, ya koma da kayan Turabulus.

Uwargida ita ce ta kawo zancen Tunisiya, kuma hujjarta mai ƙarfi ce. Kimanin kilomita 30 yamma da Gabes akwai garin Hamma, wanda ruwan zafin da ke ɓulɓulowa daga ƙasa ya ba shi suna. Gidajen wankan maza daban, na mata daban, abin da ya kwantar mata da hankali game da Inna da ƴan mata. Daga can sai a zarce arewa zuwa Ƙairawan.

Da jin Ƙairawan ni ma zuciyata ta karkata. Wane ɗalibi ne a ƙasar Hausa bai durƙusa gaban malami a zaure da Risala a hannu ba? Marubucinta, Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, mutumin garin ne, kuma can Imam Sahnun ya tattara Mudawwana. Uƙba bn Nafi'u ne ya kafa birnin a 670, bayan ƴan shekaru da ratsowarsa Fazzan ɗin nan tamu har ya dangana da Kawar, cikin Nijar ta yau. Na so ƴaƴana su yi raka'a biyu cikin masallacinsa, su san cewa "Alƙairawani" da suke ji a bakin malam gari ne mai kasuwa da mutane. Su kuwa yaran, abin da ya tsaya musu a rai shi ne makrud, wani soyayyen garin alkama da ake cusa wa dabino a tsoma cikin zuma.

Sai muka ɗauko biro da takarda. Daga Sabha zuwa Turabulus tafiyar fiye da kilomita 700 ce, da shingayen bincike barkatai, sannan a yi yamma zuwa kan iyaka ta Ras Jadir. Wannan ƙofa an rufe ta a Maris na 2024 sakamakon wani artabu, ba a sake buɗe ta ba sai a Yuli. Wanda ya fita da iyali yana iya wayar gari hanyar komawa ta toshe. Abu na biyu ya fi nauyi. Bayan jawabin Shugaba Kais Sa'id na Fabrairun 2023 kan baƙin haure, baƙar fata da yawa sun sha wuya a Tunisiya, kuma a Yulin wannan shekara aka kwashe ɗaruruwa daga Sfaks aka zube su a hamadar kan iyaka, wasu suka rasu da ƙishirwa. Mu ba Turai muka nufa ba, amma jami'in da ke tsaye a shinge fuska yake fara dubawa kafin takarda. Ga shi kuma ƙananan ƴaƴanmu biyu da aka haifa a nan ba su da fasfo tukuna. Laifina ne, na yi ta cewa gobe.

Inna ta saurare mu har muka gama, ta ce ita gwiwarta ba ta kai a jefa jikokinta cikin hatsari ba.

Wani maƙwabcinmu Buzu, direban hamada, shi ya tuna mana da abin da ke bayan ɗakinmu. Kimanin kilomita 150 yamma da Sabha, cikin kwarin Wadil Hayat, akwai kangon Jarma, birnin Garamantawa, mutanen da suka haƙa magudanan ruwa a ƙarƙashin ƙasa suka yi noma a tsakiyar hamada tun kafin zuwan Musulunci. Arewa da kwarin kuma tekun rairayi ne na Ubari, kuma cikinsa tafkuna suke a ɓoye: Gabraun, Ummul Ma'i, da Mandara wanda ya ƙafe. Rikicin Buzaye da Tubawa ya hana zuwa yankin daga 2014 zuwa 2016, don haka muka yi kwana uku muna tambayar masu fitowa daga can kafin muka yanke shawara. Sharuɗɗan direban kuwa ba su da sassauci: mota biyu, kada ɗaya ta kafe babu mai janyo ta, ruwan sha na kwana biyu ko da yini ɗaya za a yi, ba tafiya bayan magariba.

Mun kwana kusa da Jarma, da hantsi aka rage iskar tayoyi aka hau tudu. Ba zan ɓoye ba, sau biyu na yi kalmar shahada a bayyane. Can sai ga Gabraun a gindin wani tudun rairayi mai tsawo, shuɗi, dabino da kyauro sun kewaye shi. A gefe ga kufan Dawada, mutanen da suke cin wasu ƙananan halittun tafkin masu kama da tsutsa, waɗanda gwamnati ta tayar zuwa kwari cikin shekarun 1980.

Ruwan ba marmaron zafi ba ne, sai dai yana da abin al'ajabi. Gishirinsa ya yi yawa har mutum ba ya nutsewa. Samansa sanyi ƙarara, amma ƙasa-ƙasa ɗumi ne, domin ruwan gishiri mai nauyi yana kwanciya a ƙasa ya riƙe zafin rana. Mata suka sami wani lungu cikin kyauro suka kare da zane, Inna ta zauna a baki ta zura ƙafafu. Babban ɗana ya tambaya ko alwala ta halatta da irin wannan ruwa. Na ce masa hukuncin yana cikin Risalar da muka kasa kai shi garin mai ita: ruwan da ƙasar da yake kwance a kanta ce ta sauya shi, tsarkinsa yana nan. Muka yi ƙasaru, tun da tafiyar ta wuce mil 48.

Da rana direban ya kwaɓa gari ya binne cikin rairayi mai zafi da toka, ya tono gurasa ya karkaɗe, aka ci da miyar bazin da uwargida ta taho da ita, aka bi da shayi mai kumfa da gyaɗa a ciki. Inna ta ce ɗumin bai kai na Tafadek ba, amma ba ta fid da ƙafafunta ba sai da aka kira ta sau uku.

Washegarin komowarmu Jadid na kai yaran biyu wurin mai hoto, domin takardun fasfo.