Malamin Lissafi Ma Yana Buƙatar Malami

Yau mai karatu zai yi mini uzuri, domin kuwa na ajiye labarin soyayya a gefe, na ɗauko wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato halin da malamin lissafi yake ciki a makarantun sakandare na karkara irin namu na Dutsi.

Sau da yawa za ka ji ana cewa wai 'ya'yanmu ba su da kan lissafi. Ni dai ban taɓa yarda da wannan magana ba. Duk mai shakka ya leƙa kasuwar Mai'aduwa ya ga yaro ɗan shekara 12 yana ciniki da mutanen Nijar. Su a wajensu dala ɗaya sefa 5 ce, jaka kuwa dala 200, wato sefa 1,000. Yaron nan zai juya dala zuwa sefa, ya juya sefa zuwa naira, ya fitar da ribarsa, duk a ka, ba biro ba takarda. To amma wannan yaron ne dai zai shiga aji, a rubuta masa x da y a allo, ya yi zuru kamar an aiko masa da mutuwa. Ashe ke nan gizo ba a kan yaron yake saƙa ba.

Kuma lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi littafi a 1732 a kan yadda ake tsara hatimi, har yau masana tarihin lissafi suna ambatonsa. Hatimi mai gida 9, a zuba 1 zuwa 9, ko ta ina ka tara ka sami 15, ai lissafi ne tsagwaronsa. Haka malamanmu na zaure masu rabon gado: matar mamaci sumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu. Haka manomi mai fitar da zakka, ɗaya cikin 10 a noman damina, ɗaya cikin 20 in da wahalar ban ruwa aka noma. Duk waɗannan su ne abin da ake zana wa yara da lamba a sama lamba a ƙasa, su riƙa ganin kamar daga wata duniya aka kawo shi.

To wa zai haɗa wa yaro wannan da wancan? Malami. Shi kuma malamin wa ya koya masa haɗawar? Nan ne maganar jami'a ta shigo.

Ba a ce ba a yi komai ba. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1921 tun asali don horar da malamai aka kafa ta. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da Cibiyar Ilimi tun 1965, kuma ta shirinta na karatun dogon hutu malamai da yawa sun ƙaro ilimi ba tare da sun bar aikinsu ba. A nan gida muna da jami'ar jiha da aka kafa a 2006, wadda yanzu take ɗauke da sunan marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, shi ma kansa digirin koyarwa da kimiyyar sinadarai ya yi, kuma ya riƙe alli kafin ya riƙe mulki. Ga ta tarayya a Dutsin-ma tun 2011, ga kwalejojin ilimi. Masu takardar koyarwa kam ana yaye su kowace shekara.

Inda nake da magana shi ne bayan yayewar. A ba matashi takarda, a tura shi ƙauye, shi ke nan an rabu. Zai tarar da aji maƙil, wasu yaran ko jadawalin sau ba su riƙe ba, littafin kuma da Turancin da ba su gama ji ba. Wataƙila ma shi kaɗai ne malamin lissafi a makarantar, in wani babi ya shige masa duhu ba shi da wanda zai tambaya. Sai ya tsallake babin, ko ya ɗauki bulala. Yara su tsani darasin, alhali duk mai son karatun likita ko injiniya sai da kiredit a lissafi. Daga nan ƙofa ta rufe, musamman ga 'yan mata, waɗanda ba kasafai ake ba su damar sake jarrabawa ba.

Akwai abin koyi a kusa. A 1998 Kenya ta fara wani shiri da taimakon hukumar JICA ta Japan don sake horar da malaman lissafi da kimiyya da suke bakin aiki. A 2006 shirin ya iso Nijeriya da sunan SMASE, aka fara da malaman firamare a Kaduna da Neja da Filato, maƙwabtanmu na Nijar kuwa suka yi nasu a sakandare. Gishirin abin shi ne malamai su taru su tsara darasi tare, ɗaya ya koyar sauran suna kallo, sannan a zauna a gyara, kuma a yi aiki da abin da ke hannu, ko kara ne ko murfin kwalba.

Me zai hana jami'o'inmu su ɗauki wannan? Kowane zango malamin jami'a ya taso ya zo Dutsi, a tara malaman lissafi na nan da na Mashi da Daura, ya zauna a bayan aji ya gani da idonsa. A bar musu lambar waya da za su kira in lissafi ya cije. Ɗaliban da ke binciken kammala digiri a sa su tattaro lissafin kasuwa da na gado da na gona, a mayar da shi darasi da Hausa, maimakon kundin ya ƙare a kan kanta ƙura tana cin sa.

Mu ma iyaye da sauran jama'a akwai namu. A littattafan hikaya da finafinai jarumi likita ne ko ɗan kasuwa mai mota, malamin makaranta kuwa sai in ana son a nuna talauci. In muka ci gaba da raina mai alli, yaro mai ƙwaƙwalwa ba zai zaɓi koyarwa ba, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya sa masu iko su ji. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu.