Mai Wasiƙa a Bakin Shari

Hausar N'Djamena Hausa ce ta baki. Ana jin ta a rumfunan Babbar Kasuwa, da harabar Masallacin Sarki Faisal bayan la'asar, da cikin gidajen waɗanda kakanninsu suka taso daga Kano ko Katsina ko Damagaram da niyyar sauke farali, guzuri ya ƙare musu a hanya, suka yada zango a bakin kogin Shari har zangon ya zama gida. A wancan zamani Fort-Lamy ake ce wa garin, sunan hafsan Faransa da ya mutu rana ɗaya da Rabeh a yaƙin Kusseri a 1900, sai a 1973 aka sauya masa suna. Amma a takarda Hausa ba ta da gurbi a nan. Harsunan hukuma Faransanci ne da Larabci, ciniki yawanci da Larabcin Chadi ake yin sa, yaron da ya shiga makaranta kuwa da ƙa'idar Faransanci yake koyon haɗa baƙi. Shi ya sa in ya tashi rubuta harshen gidansu sai ka ga "kouana" a maimakon "kwana", da "tchiniki" a maimakon "ciniki".

A irin wannan gari ne wani dattijo mai sayar da yadi ya shafe fiye da shekara talatin yana rubuta wasiƙa da Hausar boko. Yana yaro aka kai shi karatun allo Maiduguri, daga can ya wuce Kano, inda ya koyi boko da tsofaffin kwafen Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar nan da aka fara bugawa a Zariya a 1939. Da ya komo gida ya bar abokan almajiranci shida a warwatse, wasu a Kano, wasu a Maiduguri, ɗaya a Damagaram. Abin da ya riƙe su shi ne wasiƙa. Direbobin manyan motoci ne masinjojinsu: a haye gadar N'Gueli zuwa Kusseri a Kamaru, a bi ta Fotokol da Gamboru da Dikwa, a faɗa Maiduguri. Takarda takan yi mako biyu a aljihun direba, ta isa da ƙanshin man gas da jirwayen goro.

Tsarin wasiƙarsa na dā ne, bai taɓa shi ba. Yakan fara da cewa takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga wane, sannan gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci. Bayan haka ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa, kafin ya shiga labarin farashin shadda, da cikar Shari a ƙarshen damina, da wanda ya rasu a unguwa da wanda ya yi masa salla. Ya rufe da haza wasalamu. Kowace wasiƙa sai ya kwafe ta a littafi kafin ya liƙe ambulan, amsoshin kuma suna cikin wata tsohuwar adaka.

Ba ƙyuya ce ta raba abokan da takarda ba, wannan dole a faɗa musu shi. Tun daga 2014 hanyar Gamboru ta zama ta sayar da rai saboda Boko Haram, direbobi suka ɗauke ƙafa. Wanda ɗan'uwansa ke Maiduguri a waɗannan shekaru ba ya iya jiran mako biyu kafin ya san ko yana raye. Waya ta yi abin da takarda ta kasa. Ɗaya daga cikinsu ya buɗe zauren WhatsApp, ya sa masa sunan makarantarsu, kowa ya shiga. Dattijon ma an sa shi, ta wayar 'yar ƙanensa.

Bai yi wata uku ba ya ce a cire shi. Abokinsa na Kano ya kira shi yana dariya, ya ce, "Haba Alhaji, mota ta zo kana neman jaki?" Ya ce, "Malam, a zauren nan kullum ina jin muryarka, amma rabona da jin labarinka tun takardarka ta ƙarshe."

Akwai gaskiya a maganar, ko da ba ita ce gaskiyar duka ba. A zaure mutum yana magana da mutum shida a lokaci guda, don haka abin da ya dace da kunnen shida kaɗai yake faɗa: barka da Juma'a, hoton jika, wa'azin da wani ya turo wa wani. Bashin da ya hana shi barci ba ya shiga nan, haka ciwon da likita ya gano. Waɗannan a shafi na biyu na wasiƙa suke fitowa, bayan hannu ya saki. Sai kuma batun harshen kansa. Masu rubutu a waya ba kasafai suke neman ƙ da ɗ da ɓ ba, har "baƙi sun zo" ya koma "baki sun zo", "ƙafa" ta koma "kafa". Bahaushen Kano yana iya yin wannan sakaci bai yi asara ba, domin allunan gari da littattafan kasuwa suna tuna masa daidai. Na N'Djamena ba shi da mai tuna masa. Adakar nan da littattafan kwafe su ne kusan dukkan rubutacciyar Hausar da yaran gidan suka taɓa gani.

Saƙon murya kuma yana da nasa hakki. Boko ba ya nuna karin sauti, ba ya bambanta dogon wasali da gajere, shi ya sa "gari" na zama da "gari" na tuwo suke kama ɗaya a takarda. Murya ba ta wannan ruɗani. Matar dattijon, wadda ba ta yi boko ba, shekara da shekaru saƙonta ga 'yar'uwarta a Kano layi biyu ne a gindin wasiƙar miji, abin da ya ga dama ya rubuta. Yanzu da bakinta take yi, ba tafinta. Ita ba ta kewar zamanin takarda ko kaɗan, ta kuwa faɗa masa.

'Yar ƙanen nasa ce ta samo masa mafita. Ta ce, "Baffa, ka rubuta abinka yadda ka saba, ni in ɗauki hotonsa in tura." Ya yi ɗan gunaguni ya yarda, da sharaɗin kowa a tura masa tasa shi kaɗai. Haka aka yi ta yi har 28 ga Maris 2018, ranar da aka toshe WhatsApp da Facebook da Twitter a Chadi, jim kaɗan bayan babban taron ƙasa ya ba da shawarar sauya tsarin mulki ta yadda Idriss Déby zai iya zarcewa har 2033. Hukuma ta ce don tsaro ne. Toshewar ta kai wata goma sha shida, sai 13 ga Yuli 2019 Déby ya sanar da ɗage ta. Mai neman labari mai daɗi zai so a ce a nan takarda ta rama. Ba ta rama ba. Matasa suka koma VPN, wanda ke cinye kuɗin kati kamar fara a gona, wasiƙun dattijon kuwa suka riƙa taruwa, sai an sami kuɗi a tura uku ko huɗu a haɗe. Abin da toshewar ta nuna masa kawai shi ne zauren da abokansa suka tare a ciki makullinsa na hannun wani, adakarsa kuwa makullinta na aljihunsa.

Cikin shidan nan biyu sun riga mu gidan gaskiya. Biyu sun daina amsawa sai dai su aiko da gaisuwa. Na Damagaram har yanzu yana rubutowa, rabi boko rabi ajami, da rubutun da ya fara rawa. Na Kano, mai maganar jaki, idanunsa sun yi rauni, don haka jikansa ke karanta masa hoton wasiƙar, shi kuma ya mayar da amsa da saƙon murya, wani lokaci na minti goma. In saƙon ya iso, dattijon yakan jira a yi isha'i, ya sa yarinyar ta kunna masa kaɗan-kaɗan tana tsayarwa, shi kuma yana rubuta maganar abokinsa a littafi, kalma bayan kalma, ya sa kwanan wata a sama. Kwanan baya ya fara miƙa mata alƙalamin, yana duba ko ta sa wa ƙ ƙugiyarta.