“An Ajiye,” In Ji Kwamfuta

Da zarar zangon ƙarshe ya kama, hirar 'yan ND 2 takan koma ta furojek: wa ya gama babi na uku, wane sufabaiza ne ya cika wa wa takarda da jan biro, nawa ake buga shafi ɗaya a bakin get. Abin da ba kasafai ake tambaya ba shi ne inda aikin yake kwana. In ka matsa wa mutum sai ya ce maka, “Haba, ai ina da bakof.” Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne, kuma tun da na dawo daga SIWES a wani shagon gyaran kwamfuta 'yan hostel suka laƙaba mini Injiniya, duk wanda laftof ɗinsa ya yi gardama ɗakinmu yake nufa. Don haka na sha jin wannan magana, kuma na lura yawancin masu faɗinta ba su taɓa buɗe ajiyar sun duba ba. Iyakar abin da suka gani koren maki ne da saƙon cewa an gama.

Wannan saƙo bai kai yadda muke ɗaukarsa ba. Manhajar ajiya tana karanta fayil, ta miƙa wa filash ko had disk, shi kuma ya ce ya karɓa, sai ta rubuta maka cewa an ajiye. Da yawa daga cikinsu ba sa komawa su karanta abin da aka rubuta don su gwada shi da na asali, sai in kai ka kunna musu wannan zaɓi, kuma mutane kan bar shi a kashe saboda yana tsawaita aikin. Ke nan shaidar da kake riƙe da ita maganar mai karɓar ajiya ce kawai. Manomi ba ya zuba hatsi a rumbu ya liƙe ya ce sai bazara. Yakan leƙa, don ya san gara ta ƙasa take ci.

A zangon da ya wuce aka kawo mini wata ɗalibar sashen akanta, kwana 19 kafin ranar kare furojek ɗinta. Laftof ɗin ya faɗo daga gadon sama yana kunne. Tana da manhajar da ke kwafe mata foldar aikinta kowane dare zuwa wani filash mai rubutun 64GB da ta saya a kasuwa da araha, kuma kullum sai ta ga koren makinta kafin ta kwanta. Da muka sa filash ɗin a kwamfutata komai yana nan: babi na ɗaya zuwa na huɗu, kowanne da sunansa da girmansa da kwanan watansa. Har ta yi hamdala. Muka danna babi na huɗu ya ƙi buɗewa. Na uku ma haka. Jadawalin da ta shigar da amsoshin mutum 120 shi ma haka.

“Injiniya, don Allah ka sake gwadawa, wataƙila kwamfutarka ce,” in ji ta.

Ba kwamfutata ba ce. Da na auna filash ɗin, ainihin cikinsa bai kai 8GB ba. Masu yin jabu suna sauya bayanin da ke cikin ƙwaƙwalwar filash ne don ya riƙa gaya wa kwamfuta ƙaryar girmansa. Sunayen fayiloli suna zaune a farkon wurin, shi ya sa suke bayyana lafiya lau, amma duk abin da aka rubuta bayan wurin gaske ya cika, zuba ruwa ne a kwando. Ita kuwa tun farkon shekara ta cika shi da bidiyon darussa da na bikin yayarta. Wata uku manhajar tana miƙa aiki, filash yana cewa ya karɓa.

Sai ta yi tambayar da kowa ke yi, wai ba akwai manhajar da ke dawo da abin da ya ɓace ba? Akwai, kuma ina amfani da su, musamman Recuva da PhotoRec, duka kyauta. Amma ya kamata a san abin da suke iyawa. Idan ka goge fayil a had disk irin na da mai juyawa, kwamfuta ba ta share abin da ke ciki, sunansa kawai take cirewa daga rajista ta ce wurin ya zama fili. Muddin ba a rubuta wani abu a kai ba, ana iya tono shi. Shi ya sa babban ganganci shi ne mutum ya sauke manhajar ceton a kan faifan da yake son ceta, ko ya ci gaba da kallon fim a kai yana jiran gari ya waye. A sababbin laftof masu SSD kuwa akwai umarnin da ake kira TRIM, wanda ke sa faifan ya share wurin da kansa jim kaɗan bayan gogewa, sau da yawa kafin ka ankara. Ko an dace ma, PhotoRec ba ta dawo da sunaye, sai ta zube maka dubban fayiloli masu lambobi ka zauna kana buɗewa ɗaya bayan ɗaya, har da hotunan da mai kwamfutar bai so ka gani ba. Nata had disk ɗin ko nan bai kai ba. Da na ciro shi na haɗa, ƙas-ƙas kawai yake yi, alamar allurar karatun ta lalace. Wannan ya fi ƙarfin kowace manhaja, aikin ɗakin gyara na musamman ne, kuma kuɗinsa zai iya sayen wani laftof ɗin.

Abin da ya cece ta daga maimaita shekara, da sake tunkarar mahaifinta da maganar kuɗin makaranta da na hostel, tsohon kwafin babi biyu ne da ta taɓa tura wa sufabaizanta ta WhatsApp, da takardun tambayoyin da ta cusa a kwali a ƙarƙashin gado. Sauran da hannu ta sake bugawa, ƙawayenta suna karanto mata lambobi har tsakar dare.

Wani zai ce ai araha ce ta ja mata. To ga waɗanda ba su san araha ba. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab, inda masu rubuta manhaja daga ko'ina a duniya ke ajiye aikinsu, ya goge rumbun bayanai a kan sabar da ba ita ya yi niyya ba. Kafin ya tsayar da umarnin, daga kusan 300GB saura kimanin 4.5GB. Kamfanin yana da hanyoyin ajiya har biyar, aka bi su aka tarar babu wadda ke aiki yadda aka zata. Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce mai kwafe rumbun kullum. An sabunta rumbun zuwa PostgreSQL 9.6, ita kuwa tana nan a 9.2, sai ta riƙa faɗuwa duk lokacin da ta tashi aiki. Tana aika imel na gargaɗi kuwa, amma sabar imel tana mayar da saƙon, bai taɓa isa ga kowa ba. Kwafin da wani ya ɗauka da hannu awa shida kafin abin ya faru shi ya fitar da su, aikin waɗannan awa shidan kuma ya tafi ke nan. A Jami'ar Kyoto ta Japan abin ya fi haka muni: a Disambar 2021 shirin da ke kula da ajiyar ne da kansa ya cinye kusan 77TB, fayiloli miliyan 34 na rukunin masu bincike 14, saboda an sabunta shi yana tsakiyar aiki.

Akwai kuma masu cewa nasu a intanet yake, yana haɗe da Google Drive ko OneDrive. Hakan ya fi babu nesa ba kusa ba. Sai dai foldar da ke daidaita kanta da laftof madubi ce: ka goge a nan ta goge a can, bairos ya lalata fayil a nan ta ɗauki lalataccen ta ɗora a kan mai kyau. A Google Drive kwandon shara kwana 30 yake riƙe abu. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk ya ɗanɗana irin wannan a Yunin 2017, lokacin da bairos ɗin NotPetya ya taso daga Yukiren. Suna da saba kusan 150 masu riƙe rajistar shiga tsarinsu, kowacce tana kwafar 'yar uwarta, ana ganin ba yadda za a yi su mutu gaba ɗaya. Tare suka mutu, tun da a haɗe suke. Kamar yadda mujallar Wired ta bayar a 2018, guda ɗaya ce ta tsira, a ofishinsu na Ghana, saboda an ɗauke wuta kafin harin ta fita daga layi. Ma'aikatan can ba su da bizar Ingila, sai ɗaya ya hawo jirgi da faifan zuwa Najeriya, ya miƙa wa wani a filin jirgi, shi kuma ya wuce da shi Landan. Duk lokacin da aka ɗauke mana wuta a hostel ana tsaki nakan tuna wannan labari, ko da yake bai taɓa hana ni yin nawa tsakin ba.

Masana suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Ga ɗalibin da ke lissafin kuɗin data da na abinci, ni ga yadda na sauƙaƙa ta. Furojek ɗina yana laftof, yana filash da ba na bari a jone, kuma duk ranar Juma'a ina tura wa kaina shi ta imel da kwanan wata a jikin sunan, don sabo kada ya danne tsoho. Rubutu ba shi da nauyi, babi biyar da wuya su ci datar da gajeren bidiyo ɗaya ke ci. Sannan, wanda shi ne ya fi muhimmanci a wurina, sau ɗaya a wata nakan je kwamfutar wani in sauke kwafin in buɗe shi, in gangara har shafin ƙarshe, in ga jadawalai da hotuna suna nan. Filash ɗin da na kai shagon buga takardu kuwa ba ya komawa matsayin ajiya, domin bairos mai mayar da folda shotkot a can yake kiwo.

Ina da roƙo ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna H2testw, wadda ke cika filash da bayanai ta sake karanto su, ta faɗi ainihin girmansa. Da za a ware kwamfuta ɗaya a sakatariya a sa ta, duk wanda ya sayi sabon filash sai ya kawo a auna masa tun rasit yana hannunsa. Filash ɗin ya zo babu komai a ciki, kuma mai shi ya zo da haƙuri, don mai 64GB yakan ɗauki fiye da awa guda.