Wane wata ɗalibai za su kwana ƙauye?

Wani tsohon malamin gona, wanda ya yi shekara talatin yana zagaya ƙauyukan Tasawa da Mayahi, ya yi baƙo kwanan baya. Ɗan ƙanensa ne, malamin jami'a, da takardu a hannu. Shi da abokan aikinsa aka ɗora wa nauyin tsara sabon karatun masta na ilimin tsirrai da ƙasar noma, shekara biyu bayan lisans. Ya karanto jerin darussa: sinadaran ƙasa, cututtukan shuka, zaɓen iri, ƙididdiga.

Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce: «Ɗana, wane wata ɗalibanka za su kwana ƙauye?»

Tambayar tana da mafari. Da ƙuruciyarsa an koya masa cewa gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal, babu kututture ko ɗaya, kuma haka ya yi ta faɗa wa manoma. Sai iska ta riƙa binne hatsi da rairayi, ana sake shibka sau biyu, sau uku. A 1983, Tony Rinaudo, wani ɗan Ostareliya mai aiki a jihar Maraɗi, ya lura cewa kututturan nan da ransu: in aka bar 'yan rassa masu ƙarfi aka sare sauran, itace zai tashi. Bayan yunwar 1984 manoma suka rungumi dabarar, suka raɗa mata suna sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa wajen hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo ta haka a Nijar. Tsohon yakan ce a gindin sabara da kalgo ya gane kurensa, shekaru bayan ya karɓi takardar shaida.

Don haka ya roƙi abu uku. Ɗalibi ya san jigawa da geza da fadama da sunan da manomi ke kiran su, kafin ya auna ƙarancin fosfor ɗinsu; ta nan zai gane abin da ya sa ɗan takin zamani kaɗan cikin kowane rami, kamar yadda aka gwada a cibiyar ICRISAT ta Sadore, ya fi dacewa da aljihun talaka. Ya yi damana guda cur a gona ɗaya, ya ga yadda gawo ke zubar da ganye in ruwa ya sauka, da yadda ƙuduji ke shanye hatsi, da abin da gorubar Gulbin Kaba ke ciyarwa. Sannan ya bayyana sakamakon bincikensa da Hausa gaban mai gonar.

«Baba, kuɗin mota da abincinsu fa?»

«Ka tambayi 'yan kasuwa nawa ake sayar da buhun hatsi shekarar da aka yi shibka uku.»

Malamin ya yi shiru. Ya zaro alƙalami, ya rubuta a gefen takarda: Yuni zuwa Oktoba.