Sunan Itace Rabin Magani

Babu yaron da ya tashi a Yako bai san darbejiya ba. A inuwarta muke hutawa, da reshenta muke asuwaki, in zazzaɓi ya kama mutum a dafa ganyenta a yi masa sirace. Amma kaɗan daga cikinmu suka san cewa baƙuwa ce. Asalinta daga ƙasar Indiya ne, kuma sai a shekarar 1928 aka fara dasa ta a Nijeriya, a ƙasar Barno. Shi ya sa har yau sunanta bai zauna wuri ɗaya ba: wasu su ce darbejiya, wasu maina, wasu kuma dogon yaro.

A can gidansu kuwa tana da tsohon suna, wato nimba, a harshen Sanskirit. Wannan shi ne harshen da malaman Hindu suka rubuta ilmin maganinsu na gargajiya da shi, wanda suke kira Ayurbeda. Ɗaya daga cikin manyan littattafansu, Charaka Samhita, ya kai wajen shekara 2,000. Zogalen da muke kwaɗo da shi, wanda shi ma daga can ya zo, shigru suke ce masa. Akwai wata saiwa da suka sa wa ashwagandha, ma'ana warin doki, saboda ƙanshinta. Da yake an rubuta sunayen, ɗalibin magani a Indiya yana iya buɗe littafi yau ya ga abin da kakanninsa suka sani.

Da malaminmu na kimiyya ya gaya mana haka, sai na tuna da kakata. Ita ba ta taɓa riƙe littafi ba, amma in ka bi ta gona ba za ku wuce tsiro ba ta kira sunansa ba. Ga sabara da ake ba mai jego, ga marke na tari, ga maɗaci wanda sunansa ma ya faɗi ɗanɗanonsa, ga rai-ɗore. Sanya kuwa uwar magunguna take ce mata, amma kullum tana gargaɗi cewa saiwarta in ta yi yawa guba ce. Ashe mu ma sunayenmu suna ɗauke da bayani kamar na Sanskirit. Bambancin kawai shi ne nasu a takarda yake, namu a kan tsofaffi.

Wani likita Bature, Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga littafi a 1916. Masana ma sun sa wa hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, sunansa. To, jama'a, baƙo ya zo ya rubuta, mu 'yan gida muna kallo?

Abin da ke ba ni tsoro shi ne itatuwan kansu suna ƙarewa. Kakata ta ce da a bayan gari take sassaƙo maɗaci, yanzu sai a kasuwa, ko wajen masu zuwa daga gefen dajin Falgore. In itace ya ɓace, sunansa ya bi shi, wa zai gane sassaƙen gaske daga na jabu? Wanda ya sha abin da bai san sunansa ba, ai ransa ya sa a caca.

Ni dai na sayi ɗan littafi, na fara rubuta suna da amfani da gargaɗin kowane tsiro daga bakinta. Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai kowa ya yi haka a hutun nan, iyayenmu kuma su taimake mu. Ba wai a bar asibiti ba ne, a'a. Amma da tsohuwar zuma ake magani, kuma kowa ya bar gida, gida ya bar shi.