Marubucin da ya je neman masu karatu

Akwai wani mutum a unguwar Bagalam ta Maraɗi wanda ya shafe shekaru masu yawa yana riƙe da littafin lissafi a kantin wani attajiri. Da ya haura shekara 40, sai ya miƙa makullai, ya ce zai zauna ya yi rubutu da Hausa. Cikin wata 8 ya cika littattafan rubutu 3 da gajerun labarai, amma bai sami maɗaba'ar da za ta karɓa ba, ɗan abin da ya tara kuma yana ta zurarewa. Sai ya ji wata ƙungiya tana neman ƴan sa kai da za su koyar da yaƙi da jahilci a Jiratawa.

Da Faransanci ya rubuta takardar neman aikin, alhali Hausa zai koyar, domin haka aka saba a ofisoshi. Wannan bai dame shi ba kamar gurbin nan guda na takardar cikawa, inda ake tambayar sana'a. In ya rubuta "akawu", ya faɗi abin da ya bari. In ya rubuta "marubuci", ina littafin? Ya daɗe riƙe da alƙalami kafin ya rubuta na biyun.

Shugabar ƙungiyar ta duba takardar, ta ɗaga kai. "Malam, ka san ba albashi? Kuɗin mai kaɗai ne."

"Na sani, Hajiya."

"To, me ka zo nema?"

Ya ce yana son ya taimaka. Ba ƙarya ya yi ba, amma bai faɗi duka ba. Yana neman dalilin fita daga gida da safe, yana kuma neman suna a idon mutanen da suka fara cewa ya bar aiki ya kama zaman banza.

Tsoronsa ɗaya ne, kuma tsoro ne mai tushe: aikin sa kai yana cin lokaci, rubutu kuwa ba ya son kishiya. Kwana 3 a mako yana hawa babur zuwa Jiratawa, ya dawo da magariba a gajiye. Mai ɗakinsa ta taɓa tambayarsa ko allon nan zai saya wa yara hatsi. Bai sami amsa ba.

Ɗalibansa mata ne masu noman rani da sayar da zogala. Abin da ya kawo su a bayyane yake: su iya karanta suna a wayar salula, su rubuta kuɗin adashe da hannunsu. Da suka gama haɗa baƙaƙe, sai aka rasa abin karantawa, domin littafin koyon ya ƙare a shafi na ƙarshe, ba wani a bayansa. Ran nan ya kwafe labarinsa guda a allo. Wata dattijuwa ta bi shi kalma kalma, ta tsaya a tsakiya ta ce: "Malam, wannan matar ta labarinka ba ta taɓa zuwa kasuwa ba. Ba haka ake ciniki ba." Aka yi dariya. Shi kuwa a daren nan ya sake rubuta labarin tun daga farko.

Abin da ya gano ba sabo ba ne. Abubakar Imam malamin makaranta ne a Katsina lokacin da ya shiga gasar rubutu ta 1933 da Ruwan Bagaja, kuma a 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Rubutun boko na Hausa tare ya taso da aikin koya wa jama'a karatu. Ɗaya bai jira ɗaya ba. A Nijar ma an soma yaƙi da jahilci cikin harsunan ƙasa tun shekarun 1960, aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, aka daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa a 1999. A 2025 kuma dokar sake gina ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Sai dai doka ba ta haifar mai karatu. Wanda ya koyi baƙaƙe ya rasa abin karantawa, ba a jimawa sai baƙaƙen su guje masa.

Nan ne malamai da ƙungiyoyin al'adu suke da abin yi. Ɗan sa kai mai rubutu ba ya bukatar yabo kamar yadda yake bukatar a ƙayyade masa sa'o'in aiki, a kuma buga masa ko da shafi 8 ne a raba wa ajin. In ba haka ba, za a sami malami a rasa marubuci.

Har yanzu littafinsa bai fito ba, tambayar mai ɗakinsa ma tana nan. Amma da ƙungiyar ta sake ba shi takarda don zango na biyu, bai tsaya a gurbin sana'a ba. Akwai mata a Jiratawa da ke jiran ƙarshen labari, kuma za su gaya masa in ya kuskure.